Farce ba fata ba ne, sai da na yi asarar wata shida na gane

Wata shida cur ina goga kirim ɗin kashe ƙwayar cutar fungus a farcen babban yatsan ƙafata, ya yi kauri ya koma rawaya yana marmashewa, amma ko gezau. Abin haushin ma irin kirim ɗin ne ya kashe min kyasbi a sati biyu. Sai ƙanwata mai karatun famasi ta gani ta kwashe da dariya, wai "Yaya ai maganin ko shiga bai yi ba, a sama yake zaune kana ta ɓarnar kuɗi."

Ashe fata tana da maiƙo, shi ya sa abu mai mai yake ratsa ta, shi kuwa farce keratin ne (sinadarin da ke yin gashi da ƙaho) a cure kuma maiƙon cikinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, ruwa yake so, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ɗan saki hanya, to ka ga kenan abin da aka narkar da maganin a ciki shi ne rabin aikin. Har sinadarin DMSO da ake ji da shi wajen tura magani cikin fata bai cika yin abin kirki a farce ba, sipirit zalla kuma busar da shi yake. Nan take na tuna lalle, da ruwa mata ke kwaɓa shi kuma in ya kama farce babu wankin da zai fitar, sai dai farcen ya tsiro a yanke.

Maganin da ya fi burge ni shi ne mai kama da jan farce, irin amorolfine mai kashi 5 da ciclopirox mai kashi 8. Kana shafawa ruwan sinadarin zai bi iska, maganin ya ƙara kauri a 'yar yanar da ya bari a kan farcen, daga nan yake tsatsafowa ciki a hankali. Ni dai tambayar alwala na fara yi, aka ce in je wajen malamai, likita kuma ya ce in kankare saman farcen kafin shafawa, wasu ma sai an tausasa musu da man shafawa na urea mai kashi 40.

Yanzu wata na huɗu kenan ina shafa shi, ɗan siririn layi mai tsabta ya fito ta gindin farcen, kuma an ce na ƙafa yakan ci shekara zuwa shekara da rabi kafin ya sake gaba ɗaya. Takalmi sau ciki dai na jingine shi tukuna.