Ranar da anka busa muna usur muna tsakar jarabawa

Shekaranjiya ɗan yayata ya dawo gida tun ƙarfe goma na safe, jaka a kafaɗa, shina ta murmushi kamar wanda anka ba kyautar rago. Na ce kai lafiya, ya ce kawu ai an fiddo mu. Wa ya fiddo ku? Ya ce manyan ɗalibai masu yajin karatu ne sunka zo da usur. Na ce to mi ake nema wannan karon, ya tsaya shina susar ƙeya, wallahi bai sani ba, shi dai an ce a fita ya fita, ya ma biya ya sha dege a hanya.

Dariya na yi amma abin ya tsaya mini a rai, don ni ma an taɓa busa mini usur ɗin ga. Ina shekara ta biyu a iniversite, ba zan faɗi wacce ba, muna cikin anfi, babban zauren karatu, muna rubuta jarabawar da munka yi sati uku muna kwana a kanta da shayi da fitilar waya, sai munka ji firrrr daga waje, kafin malam ya ɗaga kai an banko ƙofa, samari wajen goma, ɗaya riƙe da bel ya naɗe a hannu, ana ta kamarad a fita kamarad a fita. Wata yarinya kusa da ni ta rungume takardarta tana cewa don Allah ku bari in ƙare layin ga, wani ya fizge takardar ta yage biyu, rabi a hannunta rabi a nashi. Har yau ina ganin rabin takardar nan. Kuma abin da zai ba ka haushi, abin da sunka fito dominshi gaskiya ne, wata da watanni ba a biya burs ba, kuɗin tallafin ɗalibai, ni kaina bashin mai shago ya kai mini wuya, shinkafar resto ce kawai ke riƙe da mu. Lisans ɗin shekara uku sai da na yi biyar kafin in karɓi takarda, rabi yajin ɗalibai rabi na malamai.

To jiya da dare a fada na tada maganar, akwai abokinmu da ya karanta shari'a, shi ne ya ce ai ku matsalarku kuna haɗa abu biyu da doka ba ta haɗa ba. Fita zanga-zanga daban, hana wani karatu daban. A nan Nijar akwai dokar 2004 da ta tsara zanga-zanga bisa titi, sai ka sanar da hukumar gari tun kafin ranar, da hanyar da za ka bi da sunayen masu shiryawa, kuma hukuma na iya hanawa in ta ce za a samu tashin hankali, kai kuma kana iya kai ƙara kotu. Amma ba inda anka rubuta cewa don an hana ka burs kana da izinin shiga aji ka ja ɗan wani da ƙarfi, wannan ko a kasuwa ka yi shi sunanshi cin zarafi. Sannan ga al'adar nan da munka gada daga Faransa ta cewa harabar jami'a wuri ne mai alfarma, jami'an tsaro ba su faɗa mata haka kawai sai da kiran shugabanninta. Ya ce an yi ta ne don a kare tunani da magana, ba don wani ya mayar da kampus ƙasar ubanshi ba.

Wani dattijo da ke zama da mu, tsohon malamin lise ne, ya ajiye kofin shayi ya ce yaro bi a hankali. Ya ce ku da kuke maganar doka kun manta 9 ga Fabrairu 1990? Ɗalibai sunka taso daga Harobanda, unguwar da jami'ar Yamai take, za su ƙetare gadar Kennedy su shigo gari, zamanin Ali Saibou, anka buɗe musu wuta, uku sunka mutu. Ya ce da yaran nan sun tsaya jiran takardar izini da ba a kai ga taron ƙasa na 1991 ba, da jam'iyyu da jaridun da sunka biyo bayanshi. Shiru munka yi, don gaskiya ce, kuma duk shekara USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, na tuna ranar. Ko a Afrilu 2017 ma sai da anka rasa ɗalibi guda a Yamai a wata zanga-zanga, anka rufe kampus. Sai dai shekarar da ta biyo, 2018, malaman jami'ar ne da kansu sunka ajiye alli bayan an ci zarafin ɗaya daga cikinsu, anka kori wasu ɗalibai, rikici ya sake tashi anka sake rufewa. Kowane ɓangare na da tabon da zai nuna maka.

Mai shari'ar namu bai ja da baya ba, ya ɗauko misalin Amurka. A 1965 a garin Des Moines wasu yara sunka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu sunka tahi lakol don nuna ba su son yaƙin Biyetnam, cikinsu har da Mary Beth Tinker mai shekara 13, anka dakatar da su. Magana ta kai kotun ƙoli, a 1969 alƙalai bakwai cikin tara sunka ba yaran gaskiya, sunka ce ɗalibi ba ya ajiye ƴancin maganarshi a bakin ƙofar makaranta, sai fa in abin da yake yi ya dagula karatu sosai ko ya taɓa haƙƙin wasu. Wato ƙyalle a hannu ba laifi, amma toshe ƙofar aji wata magana ce. Kuma hukumar makaranta na iya cewa ga lokaci ga wuri ga yadda za a yi, muddin ba don ta ƙi jinin abin da ake faɗi ba ne. Ga kuma Afrilu 2024 da ɗaliban jami'ar Columbia ta New York sunka kafa tantuna saboda Gaza, ƴan sanda sunka kama sama da 100, daga baya wasu sunka mamaye ginin Hamilton Hall anka fiddo su da ƙarfi, har babban bikin yaye ɗalibai bai yiwu ba. Ita Columbia ma ba ta gwamnati ba ce, dokokinta na cikin gida sun fi aiki a kanta. Ni dai a raina tantuna a fili ban ga wanda sunka hana karatu ba, ginin ne inda sunka ba da ƙafa.

Ni inda na tsaya, bakin ƙofar anfi ne iyaka. Ka ƙi shiga, ka tsaya waje da kwali ka yi ta ihu har muryarka ta dushe, ka kira ni ka fahimtar da ni, wataƙila ma in biyo ka don yunwar da ke cinka ita ke cina. Amma kada ka sa hannu a takardata. Su kuma masu mulki in za su karanta muna doka su karanta ta duka, don ba zai yiwu a riƙe kuɗin yaro wata huɗu ba wanda anka tuhuma, ranar da ya fito titi kuma a tuna akwai doka a aiko mishi da barkonon tsohuwa. Mai hali dai ɗanshi na makarantar kuɗi ko can Maroko ko Turkiyya, usur ba ya kai can, ɗiyan talakawa ne ke ƙona shekarunsu.

Tsohon malamin ya ce to in kowa ya shiga aji wa zai saurare su? Ban da amsa mai gamsarwa, na faɗa mishi hakan, ya yi dariya ya miƙo kofi a ƙara mishi na uku.

Yau da safe na ga ɗan yayata zaune bakin ƙofa da yunifom shina danna waya, wai jira yake a sanar a gurup ko akwai lakol ko babu. Uwarshi daga madafa tana ce mishi in dai babu to ga jarkoki can, famfo ya kawo ruwa.