Kafin ka kunna wuta, ka san lambar da kake jira

Ƙannena da kuka samu gurbin karatun injiniyan lantarki bana, maza da mata, akwai ɗabi'a guda da ban koya da wuri ba, kuma rashinta ya ja mini wahala mai yawa: kada ka taɓa jona waya ko ka ɗora mita alhali ba ka riga ka lissafa a takarda lambar da kake sa ran gani ba.

Ni da hadda na shigo jami'a. Dokar Ohm, wadda masani Georg Ohm ya wallafa tun 1827, na iya ta kamar sunana: boltej (ƙarfin da ke tura wuta) daidai yake da karan (yawan wutar da ke gudana) sau rezistans (turjiyar da abu ke yi wa wutar). Dokokin Kirchhoff biyu na 1845 ma suna kaina. Amma ranar da na ɗauki rezista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, mai om 100 na ɗora a kan batir mai bolt 12, sai ƙauri ya tashi, ta yi baƙi ƙirin. Da na tsaya na yi lissafin minti ɗaya, da na ga karan zai kai amfiya 0.12, zafin kuma wat 1.44, alhali 'yar rezistar kwata ɗin wat kawai take ɗauka. Kusan ninki shida ke nan na loda mata. Dokar tana kaina, amma ban taɓa tambayarta komai ba.

Haka ƙwan LED yake. Ja yana cin kusan bolt 2, kuma miliamfiya 20 ta ishe shi. In batir ɗinka mai bolt 9 ne, sauran bolt 7 ɗin dole rezista ta shanye su, wato om 350, sai ka ɗauki mai 390 da ake samu a kasuwa. Ka jona shi kai tsaye, walƙiya ɗaya zai yi ya mutu.

Mita ce ta fi ba ni darasi mai ciwo. Ana auna boltej a gefe da gefen abu, amma karan sai an yanke hanya an sa mitar a tsakiya ya ratsa ta cikinta. Na bar jar wayar a ramin amfiya, na je auna boltej, fiyus ɗin ciki ya ƙone nan take, sauran 'yan rukuninmu suka rasa abin aiki a ranar saboda ni. A batir asarar fiyus ce kawai. A soket ɗin bango kuwa, da mita mai arha wadda ramin amfiya 10 ɗinta ba shi da fiyus, maganar tartsatsi ce da ƙunar hannu. Ku duba ramin da wayar take kafin ku duba komai.

Wutar bangon ma ban fahimce ta ba sai daga baya. Bolt 230 da ake faɗa a Najeriya matsakaicin ƙarfinta ne na aiki. Tana hawa tana sauka sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙololuwarta tana kaiwa kusan 325. Saboda haka kafasita, wato na'urar da ke tara wuta, mai rubutun bolt 250 ba za ta jure ba in ka sa ta bayan rektifaya, mai mayar da wutar bango ta bi hanya ɗaya, shi ya sa za ka ga mai 400 a cikin yawancin caja. Tana kuma iya riƙe wuta bayan an zare filogi, don haka a auna ta, a sauke ta da rezista, kafin yatsa ya kusance ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda na raina darasin lissafi a ajin farko. Na ɗauka lambobin nan masu harafin j, waɗanda ake kira complex numbers, ba su da alaƙa da waya, na haddace tsofaffin tambayoyin jarrabawa na wuce. Da muka iso kan wuta mai juyawa irin ta bango, sai ga shi duk impidans, wato turjiyar da irin wannan wuta ke gamuwa da ita, da su ake rubuta shi, dole na koma baya ina koyon abin da abokaina suka gama tun bara. Ku riƙe su da kyau yanzu, tare da bambancin mili da maikiro, domin ninki dubu ne tsakaninsu, kuma kuskuren nan kaɗai yana rusa amsar da aka bi duk matakanta daidai.