Kififiya mai laushin baya a dausayin Nguru

Asabar, cikin watan Nuwamba.

Tun bayan sallar asuba muka tura kwale-kwale ni da wani dattijon masunci, muka bi wata hanyar ruwa da ciyawar kachala ta kusa toshewa, domin neman kififiya mai laushin baya wadda na daɗe ina son ɗaukar hotonta a cikin ruwanta. Ruwan damina ya fara janyewa, ya bar tudun yashi da taɓo a gefe, kuma nan ne dattijon ya ce takan fito shan hantsi idan sanyi ya kama.

Wannan halitta ta bambanta da kunkurun da yara suka sani. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne, an lulluɓe shi da fata mai santsi a maimakon ƙwarya mai tauri, ƙafafunta na da fata tsakanin yatsu, kuma farata uku ne kawai a kowace ƙafa. Hancinta dogo ne siriri, saboda haka tana iya binne jikinta a taɓo inda ruwa bai yi zurfi ba, ta miƙo wuya, ta fito da kan hancin kaɗai ta shaƙi iska. Fatar maƙogwaronta ma tana tsotsar iskar da ke narke cikin ruwa, shi ya sa take daɗewa a ƙasa har mai jira ya ɗauka ta bar wurin.

Da muka tsaya, na ɗaga kyamara ina neman miƙewa, sai dattijon ya ce, "Zauna, Malam. Inuwarka ce za ta fara kora ta, kafin motsinka." Na ce, "To, Baba," na zauna a ƙasan jirgin, rana tana bayana, na sa wa madubin kyamarar gilashin da ke kashe ƙyallin ruwa. Can bayan dogon jira ya nuna mini da leɓe wani ɗan tsinke da ke tsaye a kan ruwa kusa da ganyen bado. Ta cikin madubi na ga ramukan hanci biyu suna buɗewa suna rufewa, da idanu ƙanana a bayansu, sai kuma duhun jikinta a ƙarƙashin ruwan, faɗinsa ya kai na faifai. Na danna a hankali. Da sandar tuƙi ta ɗan gogi gefen jirgin, ta nutse, taɓo ya turnuƙe wurin.

Bisa girmanta da yanayin wurin, na fi zaton irin da masana ke kira Cyclanorbis senegalensis ce, wadda ke rayuwa a koguna da tafkunan Afirka ta Yamma, kuma take da wasu fatu a ƙasan ciki da take rufe ƙafafun baya da su. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazana. Babbar 'yar uwarta, Cyclanorbis elegans, ta fi ta shiga hatsari, domin ta kusa ƙarewa. Dattijon ya ce a ƙuruciyarsa sukan same ta da yawa idan tafkuna suka ƙafe, tana kwance cikin taɓo tana jiran damina, amma yanzu sai an yi sa'a. Shi kachala ya ɗora wa laifi, ni kuwa ina ganin madatsun Tiga da Challawa da suka sauya yadda ambaliya ke zuwa suna da nasu kason, haka ma ƙugiyoyin mamari.

A hanyar dawowa wani saurayi ya ɗago mana wata da ta faɗa komarsa, ya ce in ɗauki hotonta yadda nake so. Ya riƙe ta ta can baya, domin wuyanta na kaiwa nesa kuma cizonta ba wasa ba ne. Na ɗauki hoton cikinta saboda in tabbatar da irinta, amma hoton bai gamsar da ni ba, domin kififiyar da ke hannu ta janye kai ta takure, ba ta nuna komai na yadda take rayuwa. Na roƙe shi ya sake ta, ya yi dariya ya ce miyar darensa ce.

Da daddare na zuba hotunan a kwamfuta. Yawancinsu ruwa ne da bado, amma akwai wanda hancin da ido ɗaya suka fito sarai. Gobe dattijon zai kai ni wani tudun yashi da ke gaba, kuma mun shirya zan sauka in ɓuya a cikin ciyawa tun kafin rana ta ɗaga, shi ya janye jirgin nesa.