Abin da na koya ina yi wa baƙi jagora a Elmina

Bayan na gama karatun tarihi, na yi aikin koyo a gidan tarihi na Elmina da ke gaɓar tekun Gana, tsohon sansanin da Turawa suka riƙa tara bayi kafin a ƙetare teku da su. Gidan yana kan wani tsirin dutse, teku a gefe ɗaya, ruwan Benya a ɗaya gefen. Yawancin baƙi mota ce ke sauke su a bakin ƙofa, su shiga, su fito da jajayen idanu, su koma mota. Garin da ke kewaye da gidan ko kallo bai ishe su ba.

Labarin ciki kowane jagora ya haddace shi. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Za ka nuna ɗakunan ƙasa da aka riƙa cusa maza, da tsakar gidan mata inda gwamna ke leƙowa daga bene ya zaɓi wadda ta yi masa, sannan 'yar ƙofar nan da mutum ba ya fita sai a karkace, wadda daga ita sai kwalekwale. A nan na koyi yin shiru. Baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika sukan tsaya cak a wurin, wasu su fashe da kuka. Wani dattijo cikin jagororin ya ce mini, "Yaro, in ka ga mutum ya dafa bango, riƙe shekarun nan naka a baki. Ba su ya zo ji ba."

Amma karatun da ya fi shiga jikina a waje na same shi. Akwai wani fili fetal a gaban gidan, wanda baƙo zai ɗauka don ajiye motoci aka bar shi. Nan ne tsohon garin Elmina yake. A watan Yunin 1873 sojojin Ingila suka yi masa ruwan igwa suka ƙone shi, saboda mutanensa sun ƙi mulkinsu, sun tsaya tare da masarautar Asante ta Kumashi. Sarkinsu Kobina Gyan kuwa aka kai shi Saliyo. In ka ɗaga kai za ka hangi wani ƙaramin sansani a kan tudun St. Jago, tsallaken ruwa. Daga kan wannan tudu 'yan Holan suka saita igwa a 1637, shi ya sa bayan sun ci nasara suka gina sansani a can don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Minti biyar a filin nan kafin a shiga yakan canja irin tambayoyin da baƙi ke yi a ciki.

Ga kuma abin da ke ba mutane mamaki: zinariya ce ta fara kawo Turawa. A farkon zamanin, 'yan Fotugal har shigo da bayi suke yi daga yankin Binin su sayar wa fataken ƙabilar Akan a ba su zinariya. Daga baya ne, da gonakin rake suka buɗe a ƙasashen Amurka, cinikin ya juya, mutum ya zama babbar haja.

Wata rana wasu dattawa daga zangon Kumashi suka zo, aka haɗa ni da su saboda Hausa. Mun fito daga ɗakin maza ke nan, ɗayansu ya ce, "To ɗana, Allah ya kyauta. Amma mu me ya haɗa mu da wannan? Tsakanin Turawa ne da mutanen gaɓa."

Na ce, "Baba Alhaji, ranka ya daɗe, da hannunmu a ciki, kuma da jininmu."

Da yawa daga waɗanda suka kwana a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su. Fataucin Gwanja da kakanninmu ke alfahari da shi ba kanwa da tufafi kaɗai yake kaiwa kasuwar Salga ta arewacin Gana ba, har da bayi ake musayarwa da goro. Ko bayan Holan ta haramta cinikin bayi a 1814, hanyar ba ta mutu ba. A 1837 ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na ɗaya don samun sojojin da za ta kai Jawa, a Indonusiya ta yau, kuma akasarin waɗanda aka ɗiba bayi ne 'yan arewa. Wasu da suka dawo sun zauna a unguwar da har yanzu ake kira Java Hill a Elmina. A rikicin 1873 ma, cikin rundunar Ingila akwai 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Ikko.

Ni a ganina jagoran da ke sassauta wannan don ya ga fuskar mai sauraro bai yi aikinsa ba. Murya ce za ka sauya tsakanin 'yan makaranta da dattawa, abin da ya faru kuwa yana nan yadda yake. Alhaji bai musa mini ba. Ya ce kakansa ma falke ne, ya sha jin sunan Salga a bakinsa, sai dai goro kawai ake ambata a gida. Da muka fito ya nemi in tsallaka gada da su zuwa Java Hill. Ranar Talata ce, masunta ba sa fita teku, kwalekwale sun cika Benya maƙil, muka ratsa ta cikin matan da ke ƙyafe kifi, yana ta tambayata ko akwai jikokin sojojin nan da suka san daga wane gari aka kamo kakanninsu.