Littafin makin da na ajiye

Makon jiya na miƙa littafin maki na ƙungiyar besbol (wasan dukan ƙwallo da kulki) ta makarantar sakandaren da na yi wa aiki shekara 4 a jihar Ohio. 'Yan uwanmu mazauna Amurka da 'ya'yansu suka shiga wasan kullum tambayarsu ɗaya ce: matsakaicin bugu nawa ne mai kyau?

Amsar a taƙaice ba wuya. Ana raba yawan bugun da ya kai yaro zango, wato wurin da mai bugu ke rugawa ya tsaya a fili, da yawan karon da ya tsaya bugu. A wajen ƙwararru, wanda ya kai .300 gwani ne, kuma tun da Ted Williams na Boston Red Sox ya yi .406 a 1941 ba wanda ya sake kai .400 a kaka guda a American League ko National League, manyan gasannin ƙwararru biyu na Amurka. A sakandare kuwa mai .300 ya riƙe gurbinsa ne kawai, mai .400 shi ake nunawa da yatsa, ana ma samun masu .500. Kulkin ƙarfe ne a hannunsu ba na katako ba, kuma yawancin masu jifan yara ne da hannunsu bai nuna ba.

Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne, lambar nan a hannun mai rubutu take. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron fili, ni ke yanke hukunci: bugu ne mai kyau, ko kuskuren mai tsaro? Idan na rubuta kuskure, yaro ya isa zango amma lambarsa ta sauka. Kakar kuma gajera ce, wasa 20 da 'yan kai, zagaye 7 kowane wasa. Yaron da ya tsaya sau 60 ya ci 18 yana da .300. Ƙara masa 6 kacal, ya zama .400.

Shida ɗin nan na ƙara wa wani yaro, da hannuna.

A kakata ta biyu ne. Bayan wani wasa a watan Afrilu, ana sanyi har fensir na makyarkyata a yatsuna, koci ya tsaya a kaina ya dangwala yatsa a kan layi biyu da na rubuta wa yaron kuskuren mai tsaro. Ya ce in mayar da su bugu mai kyau. Na ga ƙwallon da idona, a hankali ta gangaro ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaro. Mahaifin yaron shi ya saya wa ƙungiya ragar atisaye. Na goge, na gyara. Daga ranar abin ya zama al'ada, ni kuma ina ce wa raina baƙo ne ni, ba ni na kawo wasan ba.

Wanda abin ya cutar wani yaro ne mai shiru-shiru da suke neman gurbi ɗaya da wancan yaron. Lambarsa ba ta kai .300 ba, amma yana da haƙuri a wajen bugu. Ba ya kai wa jifan banza hannu, sai a yi masa jifa huɗu da suka kauce wa wurin bugu ya taka zango kyauta, kuma wannan ba ya shiga matsakaicin bugu sam. Da an duba yawan isarsa zango, ya fi ɗan gatan nesa ba kusa ba. Koci ya ɗaga takardata a gaban yara ya ce lamba ba ta ƙarya, ya zaunar da shi a benci. Yaron bai ce uffan ba, ya cire safar hannunsa ya ninke ta a cinya. Kakar da ta biyo baya bai dawo ba. Har yau idan na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, domin rubutuna aka karanta masa.

Sauran darussan gajeru ne. Ku tambayi sau nawa yaro ya tsaya bugu kafin ku yi murna da lamba. Ku tambayi da wa aka kara, don masu neman 'yan wasa daga jami'o'i sun fi duba ƙarfin abokan hamayya da saurin ƙwallo daga kulki. Ku tambayi wa ke riƙe da littafin, ko manhajar rubuta maki ta GameChanger.

A kaka biyun ƙarshe na daina gogewa. Koci ya daina amsa gaisuwata, kuma a walimar rufe kaka ya gode wa kowa har mai yankan ciyawa, bai ambaci sunana ba. Littattafan biyu na nan a ofishinsa, duk mai so ya buɗe, ba layin da aka kankare.