Rubutun manhajar shago ya yi ƙanana

Manhajar lissafi nake haɗa wa wani kawuna mai dillancin tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, a kan kwamfutata komai tsaf, shi kuwa yana buɗewa sai cewa ya yi "yaro wannan rubutu ai sai da tabarau". Laftof ɗinsa irin tokumbon Computer Village ce, allonta fiksel (ƙananan ɗigon allo) 1366 da 768, to ka ga ba fili.

Windows dai asalinta font (salon haruffa) mai suna Segoe UI mai girman poyin 9 take sawa, wato fiksel 12, na ɗaga jikin rubutun zuwa 14, jimlar kuɗi kuma 20 mai kauri don ita ido ke fara nema. Amma wallahi tazara ce ta fi cin lokaci, layukan tebur sun cunkushe har mutum ya karanta bashin wani a layin wani, sai na bi ƙa'idar 8, wato tazarar ko'ina fiksel 8 ko 16 ko 24, tsayin layi ninki 1.5 na girman rubutun.

Sannan ku riƙa gwada ƙ da ɗ da ɓ, wani font ɗin ba shi da su, sai ya aro daga wani su fito a karkace. Ku gwada sikelin 125% ma (saitin Windows mai ƙara girman komai a allo), nan maɓallai ke yanke rubutu.