Nancy Biyu a Gida Ɗaya

Ƙannena masu sha'awar tono asalin mutane, bari in ba ku labarin kunyar da na sha, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Shekarun baya na ɗauki aikin rubuta salsalar Nancy Hanks, mahaifiyar Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16. Tana cikin matan nan da suka bi mazajensu yamma, suna saran daji suna kafa bukkar katako. An haife ta a 1784 a Bajiniya, ta taso a Kentaki, ta auri Thomas Lincoln ranar 12 ga Yuni 1806. A ƙarshen 1816 suka haye zuwa Indiyana, kuma ba ta cika shekara biyu a can ba ta rasu, ranar 5 ga Oktoba 1818, Abraham yana ɗan shekara tara. Ciwon nono ne ya ɗauke ta: shanu su ci wani ciyayi mai dafi a kurmi, dafin ya sauka cikin nono, wanda ya sha ya kwanta. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar wasiƙa ba. Ƙidayar Amurka kuwa sai a 1850 ta fara rubuta sunayen mata da yaran gida, kafin nan sunan maigida kaɗai ake sawa. Ka ga mace irin wannan, neman sawunta kamar neman allura ce a cikin ruwa.

To, a nan gaggawa ta kayar da ni. Na ci karo da wani Dennis Hanks, haihuwar 1799, an ce sunan uwarsa Nancy Hanks, kuma ga shi ya zauna gidan su Lincoln a Indiyana. Na buga lissafi: a 1799 tana da shekara 15, ai ta isa haihuwa. Nan take na ja layi da jan biro daga sunanta zuwa nasa, na rubuta a gefe cewa wan Abraham ne, uwa ɗaya. Har ina jin daɗi, wai na gano abin da wasu suka ɓoye. Na karanta takardar gaban abokan karatu ina ƙafafa.

Wani dattijo da ke zaune a baya, mai tabarau ɗaure da zare, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, Nancy nawa ce a gidan?" Na yi shiru, gumi yana bin bayana. Ashe uwar Dennis wata Nancy ce daban, 'yar'uwar Lucy Hanks mahaifiyar Nancy matar Thomas Lincoln, wato innar wadda nake rubutu a kanta. Dennis kuma hannun Elizabeth Sparrow da mijinta Thomas Sparrow ya taso, da wannan ciwon na nono ya kashe su a 1818 ne ya koma gidan Lincoln. Abin da ya fi ci mini rai, ni da a gidanmu akwai Hauwa uku, kaka da jikoki biyu da suka ci sunanta, har sai an ce Inna, Jummai da Kulu kafin a san wa ake kira. Yaya aka yi na zaci Turawan ƙauye ba sa maimaita suna?

Saboda haka idan suna ya zo muku daidai, kada ku yi murna tukuna. Ku nemi shekara, ku nemi gari, ku nemi wanda ya tsaya waliyyi. Takardar alkawarin auren Nancy, alal misali, Richard Berry ne ya sa mata hannu a matsayin mai riƙonta, kuma limamin coci Jesse Head ne ya ɗaura. Irin waɗannan sunaye na gefe su ke raba maka aya da tsakuwa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don shi da gangan na yi. Na ga cewa a 1789 an kai Lucy Hanks gaban shari'a a gundumar Mercer bisa zargin lalata, kuma William Herndon, abokin aikin Lincoln na lauya, ya ce Lincoln da bakinsa ya gaya masa ba ta hanyar aure aka haifi mahaifiyarsa ba. Kunya ta kama ni, na ce wannan ai tonon asirin mamaci ne, na tsallake. Da na tsallake sai sarƙar ta tsinke, na kasa bayyana dalilin da ya sa Dennis, da Herndon ya tambaye shi bayan kashe Lincoln a 1865, ya dage cewa sunan mahaifiyar Lincoln Nancy Sparrow. Amsar tana cikin abin da na ɓoye: Lucy ta auri Henry Sparrow daga baya, 'yar'uwarta Elizabeth kuma ta auri ɗan'uwansa Thomas Sparrow, Nancy ɗiyar Lucy ta shiga inuwar wannan suna, dangi kuma suka ga rufin asiri ne a bar shi haka. Dennis bai so a yi wa 'yar'uwarsa gori, kuma ban ga laifinsa ba. Amma shi dangi ne, ni kuwa marubuci ne.

Ba cewa nake ku riƙa bankaɗo aibin mutane kuna lasar baki ba. Akwai yadda ake faɗin abu mai nauyi da ladabi, jimla biyu, ka ce ga wanda ya faɗa, ga lokacin da ya faɗa, ka wuce. Maganar Herndon ma ku riƙe ta a matsayin ruwayar mutum ɗaya, wadda ya fitar bayan mai maganar ba ya nan balle ya musa.

Takardar nan mai jan layi tana nan cikin akwatina. Na sake zana bishiyar da fensir, na ware Nancy biyun kowace da gurbinta, wurin sunan mahaifin Nancy kuwa na bar shi fili.